Dokokin Karayar Arziki a Ƙasashe Daban-daban: Nazarin Kwatance

1.0 Gabatarwa

Hausawa na cewa bashi hanji ne, yana cikin kowa. Wannan magana ta fi tabbata ga harkar ciniki, domin da wuya a sami kamfani ko attajirin da yake juya dukiyarsa tsantsa, babu kuɗin banki ko kayan mutane a ciki. Muddin kasuwa tana ci, bashi ba abin damuwa ba ne. Amma ranar da jari ya karye, masu bin bashi suka taru, abin da ya rage kuwa bai isa a biya kowa ba, to a nan ne ake neman hukunci. Wa za a fara biya? Wa zai yi haƙuri? Za a sayar da kamfanin a raba kuɗin ne, ko kuwa za a ba shi lokaci ya farfaɗo?

Kowace ƙasa ta tanadi amsarta ga waɗannan tambayoyi, amsoshin kuwa ba iri ɗaya ba ne. A da wannan bambanci bai cika damun kowa ba, saboda galibi ɗan kasuwa da dukiyarsa da masu bin sa bashi duk suna ƙarƙashin hukuma ɗaya. A yau kuwa kamfani yakan yi rajista a wata ƙasa, ya kafa hedkwatarsa a wata, ya ci bashi a ta uku, kayansa kuma suna bisa teku. Manufar wannan maƙala ita ce ta kwatanta dokokin Amurka da Ingila da Faransa da Jamus, ta nuna abin da ke faruwa idan kamfani ɗaya ya faɗa hannun dokoki da yawa a lokaci guda, sa'an nan ta dubi matsayin Nijeriya da Nijar.

2.0 Ma'anar Karayar Arziki

Abin da ake nufi da karayar arziki a nan shi ne halin da mutum ko kamfani yake shiga idan ya gaza biyan basussukan da ke kansa. Masana shari'a suna auna wannan hali ta hanya biyu. Ta farko ita ce a ga wa'adin biya ya cika amma babu kuɗi a hannu, ko da kuwa akwai gidaje da injuna. Ta biyu ita ce a ƙiyasta dukiyar gaba ɗaya, a tarar bashin ya rinjaye ta.

In da babu doka, abin da zai biyo baya shi ne wasoso. Mai ƙarfi da wanda ya fara jin labari su kwashe abin da ke akwai, mai rauni da na nesa su tashi a tutar babu. Saboda haka tushen dokar a ko'ina shi ne a tsayar da wasoson, a tara dukiyar wuri ɗaya, a raba gwargwadon bashin kowa. A ɗauka dukiyar da ta rage naira miliyan 40 ce, bashi kuwa miliyan 100. Kowa zai sami kwabo 40 a kan kowace naira: mai bin miliyan 50 ya karɓi 20, mai bin 30 ya karɓi 12, mai bin 20 ya karɓi 8.

Wannan ƙa'ida ba baƙuwa ba ce ga ɗalibin fiƙihun Malikiyya, inda ake kiran al'amarin taflisi, wanda abin ya shafa kuma muflisi. Alƙali yakan hana muflisi taɓa dukiyarsa, ya sa a sayar, a raba gwargwado. Wanda ya sayar masa da kaya bashi, in ya tarar da kayansa suna nan yadda suke, yana da damar ɗaukar abinsa. Wanda aka tabbatar ba shi da komai kuwa sai a saurara masa har ya samu, amma bashin yana nan a wuyansa. A Ingila an yi dokar farko ta wannan fanni a 1542, zamanin Sarki Henry na Takwas, ita kuwa ta ɗauki wanda ya karye tamkar mai laifi. Sai a farkon ƙarni na 18 aka shigo da yafe ragowar bashi ga wanda ya miƙa dukiyarsa bisa gaskiya, a 1869 kuma aka soke yawancin ɗaurin kurkuku saboda bashi.

Rabon gwargwado dai kusan kowa ya yarda da shi. Inda ƙasashe suka rabu shi ne wajen waɗanda ake fitarwa daga layi a sa su gaba, kamar bankin da ke riƙe da jingina, da ma'aikata, da hukumar haraji, da kuma wajen wanda zai riƙe ragamar kamfanin yayin da ake shari'a.

3.0 Amsoshin Ƙasashe Huɗu

3.1 Amurka

Dokar da Amurka ke aiki da ita an kafa ta a 1978. Babi na 7 na dokar ya tanadi sayar da dukiya a raba, Babi na 11 kuwa ya tanadi gyaran kamfani. Da zarar kamfani ya shigar da takardarsa kotu, duk wata ƙara da duk wani yunƙurin ƙwace kaya sun tsaya nan take, ba sai alƙali ya ba da umurni ba. Abin da ya fi ba baƙo mamaki shi ne shugabannin da kamfanin ya karye a hannunsu su ne galibi suke ci gaba da tafiyar da shi. Suna da kwana 120 na farko da su kaɗai ke da ikon gabatar da shirin biyan bashi. Ana kasa masu bin bashi rukuni-rukuni su jefa ƙuri'a, rukuni kuwa ya amince ne idan masu kashi biyu cikin uku na kuɗin, waɗanda kuma suka haura rabin masu ƙuri'a, sun yarda. Kotu tana iya tilasta shirin a kan rukunin da ya ƙi, in an cika wasu sharuɗɗa. Ta wannan hanya ce kamfanin motoci na General Motors ya shiga kotu ran 1 ga Yuni, 2009, aka mayar da sassansa masu amfani ga sabon kamfani cikin kwana 40, da taimakon kuɗin gwamnati. Tunanin da ke bayan dokar shi ne kamfani mai rai ya fi gawarsa daraja.

3.2 Ingila

Ingila ta daɗe da sunan ƙasar da ke fifita mai ba da bashi. A da, bankin da ke riƙe da jingina a kan dukkan dukiyar kamfani yana iya naɗa wakilinsa ya karɓe kamfanin, ya sayar da abin da zai biya bankin, sauran mutane kuwa su jira abin da ya rage. Rahoton kwamitin Sir Kenneth Cork na 1982 ya soki wannan hali, shi ne kuma ya haifar da dokar 1986, wadda ta shigo da tsarin riƙon ƙwarya. A wannan tsari ana naɗa ƙwararre mai lasisi, watau kantoma, ya karɓi ragama daga hannun daraktoci, ya yi aiki domin amfanin dukkan masu bin bashi. Wata doka ta 2002 ta rage wa bankuna ikon naɗa wakilin kansu, ta 2020 kuma ta ba kamfani damar samun hutun kwana 20 na aiki daga masu bin sa, daraktoci suna kan kujerunsu, wani ƙwararre yana sa musu ido. Watau Ingila ta matso kusa da Amurka, amma har yanzu ta fi amincewa da baƙon hannu bisa ga hannun da ya yi ɓarnar.

3.3 Faransa

Dokar Faransa ta 1985 ta jera manufofinta a fili: a ceci kamfani, a kiyaye aiki da ma'aikata, sa'an nan a biya bashi. Mai karatu zai lura cewa biyan bashi shi ne ya zo a ƙarshe. Albashin kwana 60 na ƙarshe da ma'aikata ke bi yana gaban kusan kowane bashi, har da na bankin da ke da jingina. Bugu da ƙari, akwai asusun da masu kamfanoni ke zuba wa kuɗi, wanda ke biyan ma'aikata idan kamfani ya gaza. Wajibi ne shugaban kamfani ya sanar da kotu cikin kwana 45 daga ranar da ya kasa biya. A 2005 aka ƙaro wata hanya da ke ba kamfani damar neman kariyar kotu tun bai kai ga gazawa ba, domin rigakafi ya fi magani.

3.4 Jamus

Jamus ta zartar da sabuwar dokarta a 1994, ta fara aiki a 1999. Manufarta ta farko ita ce a biya masu bin bashi tare, bisa daidaito. Don haka ta soke fifikon da hukumar haraji da albashin ma'aikata suke da shi a da. Ma'aikata ana kare su ta wata hanya dabam, watau hukumar ƙwadago tana biyan su albashin wata uku na ƙarshe daga wani asusu na musamman. Jamus kuma ta fi tsananta wa daraktoci: wanda ya ga kamfaninsa ya kasa biya, bai kai maganar kotu ba cikin mako uku, yana iya fuskantar tuhumar aikata laifi.

Daga wannan kwatance za a ga cewa banki ɗaya, da bashi iri ɗaya, zai fi samun biyan buƙata a Landan bisa ga Faris, ma'aikaci kuwa akasin haka. Darakta a Amurka yana iya zama a kujerarsa, takwaransa na Jamus kuwa yana tsoron kurkuku in ya yi jinkiri. Babu wadda za a ce ta yi kuskure a cikinsu, kowace ta zaɓi wanda za ta fi tausaya wa ne gwargwadon tarihinta da siyasarta. Wannan shi ne dalilin da ya sa haɗa dokokin su zama ɗaya ya yi wuya.

4.0 Idan Kamfani Ya Ƙetare Iyaka

Masana sun kasu biyu game da kamfanin da ke da dukiya a ƙasashe da yawa. Wasu suna ganin kowace ƙasa ta kama abin da ke cikin iyakarta, ta raba bisa dokarta, watau kowa tasa ta fisshe shi. Wasu kuwa suna ganin kotu ɗaya ce ya kamata ta tattara dukiyar duk inda take, ta raba wa kowa bisa doka ɗaya. Ra'ayi na farko yana da sauƙin aiwatarwa, amma yana mayar da wasoson da aka hana tsakanin mutane ya zama wasoso tsakanin ƙasashe. Na biyu ya fi kusa da adalci, sai dai yana buƙatar ƙasa ta saki dukiyar da ke hannunta ga kotun waje, alhali 'yan ƙasarta suna kuka. Misalai uku za su fayyace matsalar.

Na farko shi ne bankin BCCI, wanda hukumomi suka rufe ran 5 ga Yuli, 1991. Rajistarsa tana Luksambur da tsibiran Kaiman, babban aikinsa yana Landan, yana kuma da rassa a ƙasashe kimanin 70. An yarda a tara dukiyar a raba daga Luksambur, sai aka ci karo da wani bambanci. A dokar Ingila, wanda ya ajiye fam dubu 100 a banki, bankin kuma yana bin sa dubu 80, ana cire wannan daga wancan, ya zama yana bin dubu 20 kawai. Dokar Luksambur ba ta ba da wannan dama haka ba: sai mutum ya biya dubu 80 ɗin cif, sa'an nan ya shiga layi ya jira ɗan abin da zai samu daga dubu 100 ɗinsa. Kotun Ingila ta ƙi sakin kuɗin duka, ta ce a riƙe abin da zai isa a cika wa mutane haƙƙin da dokar Ingila ta ba su.

Na biyu shi ne kamfanin Maxwell Communication, wanda ya durƙushe bayan mutuwar mai shi, Robert Maxwell, a Nuwamban 1991. Hedkwatarsa tana Landan, amma mafi yawan dukiyarsa tana Amurka, aka kuma buɗe shari'a a ƙasashen biyu. Alƙalan biyu, Hoffmann a Landan da Tina Brozman a New York, suka amince da wata yarjejeniyar aiki wadda ta raba wa kowane ɓangare nauyinsa, aka yi rabo ɗaya ba tare da kotunan sun yi karo ba. Wannan ya nuna ana iya haɗa kai, sai dai abin ya dogara ne ga halin alƙalan, babu dokar da ta tilasta musu.

Na uku shi ne bankin Lehman Brothers, wanda ya shiga Babi na 11 ran 15 ga Satumba, 2008, da dukiya ta fiye da dala biliyan 600. Al'adar bankin ita ce rassa su riƙa tura kuɗinsu New York a kullum, a mayar musu gwargwadon buƙata. Da uwar ta faɗi, reshen Landan ya wayi gari babu kuɗin aiki, domin kimanin dala biliyan 8 da ya tura ba su dawo ba. Bankin da yake tafiya kamar jiki ɗaya sai ya tarwatse zuwa shari'o'i fiye da 70 a ƙasashe daban-daban, rassan suna bin juna bashi, aka shafe shekaru ana warwara.

5.0 Gadar da Aka Gina

Ganin irin waɗannan matsaloli ne ya sa hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da dokokin ciniki, UNCITRAL, ta fitar da wata doka abar koyi a 1997. Dokar ba ta taɓa maganar wa za a fara biya ba, ta bar wa kowace ƙasa nata. Abubuwa huɗu kawai ta tanada. Kantoman da kotun wata ƙasa ta naɗa yana da ikon shiga kotun ƙasar da ta karɓi dokar kai tsaye. Kotun za ta amince da shari'ar da ake yi a waje cikin hanzari. In shari'ar tana gudana ne a ƙasar da take cibiyar harkokin kamfanin, ƙararraki da ƙwace kaya za su tsaya. Sa'an nan an umurci kotuna su taimaki juna, har su yi magana kai tsaye. Ana ɗaukar ƙasar rajista a matsayin cibiya, sai in an kawo hujjar da ta nuna akasin haka.

Ƙasashe fiye da 50 sun shigar da wannan tsari cikin dokokinsu, daga ciki akwai Japan da Afirka ta Kudu a 2000, Amurka a 2005, Birtaniya a 2006, Kenya a 2015, Singafo a 2017. Tarayyar Turai ta yi nata tsarin da ya fi wannan ƙarfi, wanda ya fara aiki a 2002 aka sabunta shi a 2015, inda shari'ar da aka buɗe a ƙasar cibiya take samun karɓuwa a sauran ƙasashen da tsarin ya shafa ba tare da an roƙa ba.

Amfanin gadar da iyakarta duk sun bayyana a lamarin Hanjin, kamfanin jiragen ruwa na Koriya ta Kudu, wanda a lokacin shi ne na bakwai a duniya wajen dakon kwantena. Ya nemi kariyar kotu a ƙasarsa ran 31 ga Agusta, 2016, jiragensa suna ɗauke da kayan mutane na kimanin dala biliyan 14. A Amurka, inda Babi na 15 ya ƙunshi tsarin 1997, kotu ta ba da kariya cikin 'yan kwanaki, jirage suka shiga tasha suka sauke kaya. A wasu tashoshin kuwa, kamar na ƙasar Sin, masu bin bashi sun sa an kama jirage. Don haka jirage da yawa suka yi ta shawagi a teku makonni, suna tsoron matsowa gaɓa, masu kaya kuwa, waɗanda ba su ci bashin kowa ba, suna ta asara. A Fabrairun 2017 kotu ta ayyana karyewar kamfanin.

Ko a ƙasashen da suka karɓi tsarin akwai sauran cikas. A Ingila, alal misali, wani hukunci na 1890 da ake kira ƙa'idar Gibbs yana nan daram: bashin da aka ƙulla bisa dokar Ingila, kotun wata ƙasa ba ta da ikon yafe shi, sai in mai bin bashin ya miƙa kansa ga waccan kotu. Da yake manyan basussukan duniya da yawa bisa dokar Ingila ake rubuta su, wannan ba ƙaramin al'amari ba ne.

6.0 Nijeriya da Nijar

Maƙwabtan nan biyu sun gaji tsari daban-daban. Nijeriya ta bi sawun Ingila. Dokar kamfanoni ta 1990 ta fi mayar da hankali ga rushe kamfani da naɗa wakilin banki. Sabuwar dokar kamfanoni ta 2020 ce ta shigo da riƙon ƙwarya na kantoma da kuma sulhun da kamfani ke yi da masu bin sa bashi, Babbar Kotun Tarayya kuwa ita ke sauraren irin waɗannan shari'o'i. Amma dokar ta 2020 ba ta ɗauki tsarin 1997 ba.

Nijar kuwa tana cikin ƙungiyar OHADA, wadda aka kafa a 1993, mai ƙasashe 17, ciki har da Kamaru da Cadi da Benin, babbar kotunta tana Abijan. Waɗannan ƙasashe suna aiki da dokar karayar arziki guda ɗaya mai kama da ta Faransa, wadda aka yi a 1998, aka sabunta a 2015, aka kuma shigar da tsarin 1997 a cikinta. Gana ma ta karɓi tsarin a dokarta ta 2020.

Ma'anar wannan ga ciniki a fili take. A ɗauka wani kamfanin hatsi mai rajista a Kano ya karye, yana da sito a Maraɗi. Kantomansa zai tarar da rubutacciyar hanya ta neman kotun Nijar ta amince da shi. In kuwa kamfanin na Maraɗi ne, kayansa suna Dawanau, wakilin da kotun Nijar ta naɗa ba shi da irin wannan hanya a Nijeriya, sai ya dogara ga ƙa'idojin shari'a na gama-gari da fahimtar alƙali. Kafin a gama wannan, mai yiwuwa masu bin bashi na kusa sun riga sun kama kayan. Gaskiya ne yawancin cinikin wannan iyaka bisa amana ake yin sa, dattawan kasuwa ne kuma ke sasanta wanda ya karye da masu bin sa. Amma da zarar banki ko kamfanin waje ya shiga cikin maganar, sulhun dattawa ba ya ɗaure shi, sai abin da takarda da kotu suka ce.

7.0 Kammalawa

An ga yadda ƙasashe huɗu suka amsa tambaya ɗaya ta hanyoyi huɗu, da yadda wannan bambanci yake zama rikici idan dukiyar kamfani ta warwatsu. An kuma ga cewa abin da aka iya cimma tun 1997 shi ne kotuna su san da juna, su tsayar da wasoso, kowace ƙasa tana riƙe da jerin waɗanda take fifitawa. Manyan bankuna sun san wannan sarai, shi ya sa tun ranar ƙulla bashi suke zaɓen dokar da za ta yi hukunci, su kuma riƙe jingina a ƙasar da ta fi yi musu daɗi. Wanda abin ya fi cutarwa shi ne ƙaramin ɗan kasuwa da ma'aikaci, waɗanda ba su da halin ɗaukar lauya a ƙasashe uku. Saboda haka duk mai ba kamfanin waje kaya bashi ya kamata ya san inda kamfanin ya yi rajista, da inda dukiyarsa take, da dokar da aka ambata a takardar yarjejeniya. Ga masu tsara dokokin Nijeriya kuwa, aikin da dokar 2020 ta bari shi ne buɗe wa kotunan maƙwabta ƙofar da su suka riga suka buɗe.